Baka da Rubutu a Fim Ɗin American Graffiti na George Lucas

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe da raba fagensu gida biyu, wato adabin baka da rubutaccen adabi, kuma har yanzu ba a gama shawo kan gidan da ya dace a ajiye fim ba. Wannan maƙala ba za ta tsunduma cikin waccan muhawara ba. Abin da ta sa gaba shi ne nazarin fim guda ɗaya, American Graffiti, wanda George Lucas ya ba da umarninsa, kamfanin Universal kuma ya fitar da shi a Amurka cikin watan Agustan 1973. Dalilin zaɓensa shi ne, fim ɗin da kansa ya raba duniyarsa tsakanin magana da rubutu, ya ɗora wa kowannensu aiki dabam, kuma a kan wannan rabo jigonsa ya tsaya.

Tun daga suna za a fara ganin matsalar. Kalmar ta biyu ta sunan fim ɗin daga harshen Italiya ta fito, tana nufin ƙarce-ƙarce da rubuce-rubucen da ake yi a jikin bango. Shugabannin Universal ba su fahimci abin da ya haɗa wannan suna da labarin ba, har suka nemi a sauya shi. Suna da ɗan uzuri, domin mai kallo zai kai ƙarshen fim ɗin bai ga an mai da hankali ga wani bango da aka yi wa rubutu ba. Abin da samarin cikinsa suke bari a bayansu shi ne murya: waƙar rediyo, da kirari, da ba'a ta tagar mota, da jita-jita. Duk abubuwa ne da iska ke ɗaukewa kafin gari ya waye.

2.0 Asalin Fim Ɗin

An haifi Lucas a 1944 a Modesto, wani garin manoma da ke tsakiyar jihar Kalifoniya. Ya tashi da son tseren mota, har sai da ya yi mummunan haɗari a watan Yunin 1962, kwanaki kaɗan kafin ya kammala makarantar sakandare, motarsa ta yi ta wuntsilawa ta daki bishiya. Wannan gari da wannan shekara su ya ɗauka ya gina labarin a kansu, tare da marubuta biyu, Gloria Katz da Willard Huyck. Fim ɗinsa na farko, THX 1138 na 1971, bai yi kasuwa ba, saboda haka sai da Francis Ford Coppola ya yarda ya tsaya a matsayin furodusa sannan Universal ta saki kuɗi, kimanin dala 777,000. An ɗauki fim ɗin a 1972 cikin kusan mako 4, galibi da daddare, a garin Petaluma. Ya samo fiye da dala miliyan 100, ya shiga takarar lambar Oscar a rukuni 5 ko da yake bai ci ko ɗaya ba, a 1995 kuma aka shigar da shi rajistar finafinan da Amurka ke adanawa a matsayin kayan tarihi.

3.0 Zubin Labari

Dukkan labarin dare ɗaya ne, daga faɗuwar rana zuwa hantsi, a ƙarshen dogon hutun 1962. Taurari huɗu ne. Curt Henderson da Steve Bolander za su hau jirgi da safe zuwa jami'a a gabashin ƙasar. Curt ya fara ja da baya, Steve kuwa ya ƙagu ya tafi, har ya shaida wa budurwarsa Laurie, ƙanwar Curt, cewa kowa ya nemi wani kafin ya dawo. John Milner ya girme su, ba shi da niyyar zuwa ko'ina, shi ne zakaran tseren gari da motarsa rawaya ƙirar Ford ta 1932. Na huɗunsu Terry Fields, wanda ake wa laƙabi da Kwaɗo, ɗan babur ne da ba ya da farin jini, sai ga shi Steve ya ba shi ajiyar motarsa ƙirar Chevrolet ta 1958.

Matattararsu ita ce Mel's, gidan abincin da ake kai wa mutum abinci har cikin motarsa. Daga nan suke watsuwa su shiga shawagi a babban titin gari, kowa na tafiya a hankali, ana leƙen juna, ana zolaya, ana sauya mota. Titin ya zama musu dandali, sai dai dandali ne mai tafiya. Labarin ya rabu zare huɗu, ana yanka daga wannan zuwa wancan, ba su sake haɗuwa sosai ba sai da asuba. Da safe abin ya juye: Steve mai ɗokin tafiya ya zauna, Curt mai shakka ya tafi.

Irin wannan zubi, na samarin ƙaramin gari da ɗaya daga cikinsu ke ficewa a ƙarshe, yana da magabaci a fim ɗin Federico Fellini, I Vitelloni na 1953. Sabon abin da Lucas ya kawo shi ne igiyar da ya ɗaure zarurrukan huɗu da ita.

4.0 Rediyo a Matsayin Mai Ba da Labari

Fim ɗin ba shi da kiɗan da aka tsara masa musamman. An kashe kusan kashi 1 cikin 10 na kuɗinsa wajen sayen izinin tsofaffin waƙoƙin rok, har ba a iya biyan na Elvis Presley ba, shi ya sa ba a jin muryarsa ko sau ɗaya. Faifan da aka fitar tare da fim ɗin yana ɗauke da waƙoƙi 41. Muhimmin abu a nan shi ne, in aka cire ƴan waƙoƙin da makaɗa suka rera a wurin rawar makaranta, kusan dukkansu daga rediyon motoci suke fitowa, daga tasha ɗaya, a cikin shirin mutum ɗaya, wato Wolfman Jack. Abin da mai kallo yake ji shi ne abin da taurari suke ji a daidai wannan lokaci.

Walter Murch, wanda ya tsara sautin, ya yi wata dabara domin tabbatar da haka. An fara haɗa shirin rediyon gaba ɗaya a kan tef, sannan aka kunna shi ta lasifika a fili, aka sake naɗarsa daga nesa ana jujjuya lasifikar da makirufo. Daga nan aka riƙa cakuɗa tsantsar sautin da wannan na biyu gwargwadon inda ake. In ana cikin mota waƙa takan fito tas. In mota ta wuce sai ta dusashe, wata motar ta kawo ta daga wani ɓangaren. In an shiga lungu sai a ji amsa-kuwwarta a jikin gine-gine. Sakamakon haka, idan aka yanka daga Milner zuwa Terry, wuri ya sauya, fuskoki sun sauya, amma baitin da aka fara a can shi ake ƙarasawa a nan. Da kunne mai kallo yake gane cewa lokaci ɗaya ne, ba sai an rubuta masa ba.

Wannan shi ne aikin mai ba da labari a adabin baka: ya riƙe zaren, ya nuna inda aka kwana, ya yi sharhi. Waƙoƙin kuwa suna yin aikin ƴan amshi. Wani lokaci su goyi bayan abin da ake gani, kamar a wurin rawar makaranta inda Steve da Laurie suke faɗa ƙasa-ƙasa suna murmushi ga jama'a, waƙar ƙungiyar Platters a kan hayaƙin da ke shiga ido tana tashi, har Laurie ta fashe da kuka. Wani lokaci kuma su yi wa tauraro shaguɓe, a sa waƙar soyayya mai taushi a kan Terry yana ta zuba wa Debbie ƙarya cewa motar tasa ce, yana da dawaki, yana zuwa farauta. Har rigimar zamani da waƙa aka yi ta. Milner ya makale da wata ƙaramar yarinya, Carol, wadda aka ɗora masa a mota. Ita tana son sabon kiɗan ƙungiyar Beach Boys, shi kuwa ya kashe rediyon, yana cewa kiɗan rok ya lalace tun rasuwar Buddy Holly. Holly ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Fabrairun 1959. Wato saurayin da shekarunsa ba su wuce 20 da kaɗan ba ya riga ya fara maganar tsofaffi, yana kukan zamanin da ya wuce shekara 3 kacal.

4.1 Jita-jita da Almara

Inda baka ke mulki, gaskiyar abu tana hannun wanda ya fi iya faɗa. Fim ɗin ya nuna wannan a wurare da dama, kuma nan ne ya fi armashi ga mai nazarin adabin baka, domin ana ganin almara tana ƙulluwa a gaban ido.

Babu wanda ya taɓa ganin Wolfman a cikin samarin, amma kowa yana da labarinsa. Wani ya ce daga Meziko yake watsa shirinsa, wani ya ce daga cikin jirgin sama da ke kewaya sararin samaniya. Carol ta ce a gida an hana ta sauraronsa saboda baƙar fata ne. Haka ma farar mace mai farar mota ƙirar Thunderbird ta 1956, wadda Curt ya hanga a wurin fitilar tsayawa. Ta motsa leɓɓanta ta bayan gilashi da abin da ya ɗauka kalmar so ce, ba a ji sautin komai ba, ta wuce. Ya kwana yana nemanta. Wannan ta ce masa matar wani mai sayar da gwala-gwalai ce, wancan ya ce karuwa ce, kuma fim ɗin bai taɓa raba gardamar ba. A bakin magudanar ruwa da ke bayan gari Debbie ta kawo labarin wani makashi da ake cewa yana yanka mutane yana barin kan akuya, irin labarin da kowa ya ji daga wanda ya ji.

Mafi ƙarfin misalan shi ne na tseren asuba a hanyar Paradise. Wani baƙo, Bob Falfa, wanda Harrison Ford ya fito a matsayinsa, ya kwana yana neman Milner da baƙar Chevrolet ta 1955. Da aka saki motoci sai tasa ta ƙwace, ta wuntsila cikin gona ta kama da wuta. Shi da Laurie da ke cikinta suka tsira da ƙyar. Jama'a suka ɗauka Milner ya yi nasara. Shi kuwa ya gaya wa Terry a keɓe cewa Falfa yana gabansa lokacin da motar ta ƙwace, an riga an cinye shi. Terry ya ƙi yarda, ya shiga yi masa kirari cewa babu mai iya kayar da shi har abada, Milner ya gaji ya bar shi a haka. Mai abin ya faɗi gaskiya da bakinsa, maroƙinsa ya danne ta. Ga wanda ya san yadda kirari ke ɗaure gwarzo ya hana shi ja da baya, wannan fitowa ba ta ban dariya ba ce, musamman idan ya tuna cewa cikin daren Milner ya zagaya da Carol makabartar motoci yana nuna mata gawarwakin motocin zakarun da suka gabace shi.

Sai ganawar Curt da Wolfman. Da ya rasa hanyar samun matar, sai ya nufi tashar rediyon da ke bayan gari da ƴar takarda, yana so a karanta saƙonsa a iska, kamar dai yadda masu sauraro ke aika gaisuwa a shirin zaɓi-sonka. Ya tarar da wani mai gemu shi kaɗai, firjinsa ya lalace, yana ta shan ƙanƙara mai zaƙi kafin ta narke. Mutumin ya ce shi ba Wolfman ba ne, muryar a tef take, ya kuma shawarci Curt da ya fita ya ga duniya tun da sauran ƙuruciya. Curt na fita ya waiwaya, sai ya hango shi ta gilashi yana kukan kyarkeci a gaban makirufo. Bai koma ya tona shi ba. Ya ga yadda ake ƙera almara, ya san mai ita mutum ne kamar kowa, zaune cikin kaɗaici a wani ƙaramin ɗaki. Shi kaɗai ne cikin su huɗun ya ga haka, kuma shi kaɗai ya bar gari. Da asuba matar ta kira shi a wayar bakin titi, ta ƙi faɗin sunanta, ta ce zai same ta a titi da daddare. Ya san ba zai kai daren a garin ba.

5.0 Aikin Rubutu

Rubutu bai ɓace daga fim ɗin ba, amma kusan duk inda ya fito daga hannun manya yake. Tun farko Steve ya miƙa wa Curt cakin dala 2,000 na tallafin karatu daga wata ƙungiyar dattawan gari, takardar da ta zame masa nauyi har gari ya waye. Ɗan sanda ya rubuta wa Milner takardar tara, ya sa Carol ta cusa ta inda ya tara ƴan'uwanta a dunƙule. Terry ya sha wahala a ƙofar shagon giya saboda ba shi da katin shaidar shekaru. Samarin suna iya wasa da magana yadda suka so, su ƙara wa kansu suna da dukiya, amma takarda ba ta sauraron kowa. A cikin wannan dare suna kauce mata, ko su yi mata dariya.

A ƙarshe sai ta cim musu. Jirgin Curt ya tashi, waƙa ta ɗauke, saura ƙugin inji. Ya leƙa ƙasa ya hango farar motar tana tafe a kan hanya. Daga nan sai hotunan samarin huɗu suka bayyana a sararin sama, kowanne da layin rubutu a gefensa. Wani direba da ya bugu ya kashe Milner a watan Disambar 1964. An ba da rahoton ɓacewar Terry a fagen yaƙi kusa da An Loc, a Biyetnam, a watan Disambar 1965. Steve dillalin inshora ne a Modesto. Curt marubuci ne, yana zaune a Kanada. Ba a faɗi abin da ya kai shi Kanada ba, amma mai kallo na 1973 ya san can ne dubban samarin Amurka suka gudu don kauce wa shiga soja.

Salon waɗannan jimloli ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan kusan awa 2 na surutu da ba'a da ihun Wolfman, sai ga harshen rahoton hukuma, gajere, mai kwanan wata, babu sifa babu kirari. Babu muryar da ta karanta su. Mai kallo, wanda tun farko aka mai da shi mai sauraro, dole ya koma mai karatu, shi kaɗai a cikin zuciyarsa. Kuma wanda ya tsira ya fita, sana'ar rubutu ya kama.

A nan ne ya kamata a auna hukuncin Fredric Jameson, wanda a rubuce-rubucensa na shekarun 1980 ya ɗauki wannan fim a matsayin mafarin finafinan begen jiya, waɗanda a ganinsa suke mai da tarihi ado, su sayar da kamannin zamani ba tare da abin da ya faru a cikinsa ba. Akwai gaskiya a ciki, musamman in aka dubi abin da ya biyo baya: shirin talabijin na Happy Days da ya fara a 1974, da Ron Howard, wato Steve na wannan fim, ya ɗauki motocin da waƙoƙin ya zubar da ɗacin. Amma hukuncin ya yi wa fim ɗin kansa tsauri. Zaɓen 1962 ba na banza ba ne. Wata 1 ko 2 bayan wannan dare aka shiga rikicin makamai masu linzami na Kuba, a Nuwamban 1963 aka kashe Shugaba Kennedy, a Fabrairun 1964 ƙungiyar Beatles ta sauka a Amurka ta ture irin kiɗan da ake ji a fim ɗin. Masu kallon farko sun san duk wannan, sun kuma shiga silima ne ƴan watanni bayan yarjejeniyar Faris ta Janairun 1973 da ta fitar da sojan Amurka daga Biyetnam. Daɗin daren ya dogara ne a kan cewa mai kallo ya san abin da taurari ba su sani ba. Waƙar Beach Boys da aka rufe fim ɗin da ita ma ta 1964 ce, wato ta fito ne daga bayan labarin, daga shekarar mutuwar wanda ya ƙi jinin kiɗansu.

6.0 Waɗanda Ba a Rubuta Ba

Idan akwai inda zargi ya kama fim ɗin, to a wajen rabon murya da rubutu ne, kuma ma'aunin da aka bi a sama shi ne yake fito da shi.

Yawancin waƙoƙin da suka fi ratsa jiki a fim ɗin na baƙaƙen fata ne: Chuck Berry, da Fats Domino, da Platters, da Flamingos, da Booker T. wanda kiɗansa ya raka motoci zuwa filin tsere. Amma da wuya mai kallo ya tuna fuskar baƙar fata ko ɗaya da aka ba magana. Shi kansa Wolfman Jack, wanda sunansa na yanka Robert Smith, farar fata ne ɗan Brooklyn da ya koyi salon maganar masu gabatar da shiri baƙaƙe, ya yi suna ta tashoshi masu ƙarfi da ke kan iyakar Meziko. Maganar Carol ita kaɗai ce ta taɓo wannan batu, aka wuce da ita kamar raha. Alhali a kakar 1962 ɗin nan sai da aka tura sojoji kafin James Meredith ya shiga Jami'ar Misisipi, a cikin kwarin da Modesto take kuma Cesar Chavez yana kafa ƙungiyar leburorin gona. Ana iya cewa haka samarin suka rayu, suna jin muryar mutanen da ba sa gani, fim ɗin kuwa ya kwaikwayi rayuwarsu ne. Wannan uzuri zai karɓu da a ce fim ɗin ya tsaya a cikin daren. Tun da ya ɗauki alƙalami a ƙarshe ya shigo da tarihi, shi ya buɗe ƙofar a tambaye shi tarihin wa ya shigo da shi.

Tambayar ta fi tsanani a kan mata, kuma tun fitowar fim ɗin mai sharhi Pauline Kael ta yi ta. Laurie ce ta sauya wa Steve rayuwa, ita ce ta kusa ƙonewa a motar Falfa. Carol ce ta fito da tausayin da Milner ke ɓoyewa, kuma hirarsu ita ce mafi daɗin zance a fim ɗin. Debbie ta gano cewa duk abin da Terry ya faɗa ƙarya ne, ba shi da komai sai babur, ta ce duk da haka ta ji daɗin daren. Candy Clark da ta fito a matsayinta ita kaɗai ce cikin ƴan wasan ta shiga takarar Oscar. Su ukun nan sun yi magana daidai da mazan, wani wurin ma sun fi su. Da aka zo rubuta makoma sai aka rubuta ta maza huɗu, aka bar su a cikin daren tare da waƙoƙin. Laurie ta kammala makaranta? Ta auri dillalin inshoran? Sai a 1979, a fim na biyu mai suna More American Graffiti, wanda ba Lucas ne ya ba da umarninsa ba kuma bai samu karɓuwa ba, aka nuna Laurie matar aure tana rigima da Steve a kan yana hana ta fita aiki, Debbie kuma ta bi wata ƙungiyar makaɗa a San Faransisko.